Ƙiba a Kebbi: Ina Kuɗin Ke Tafiya, Wa Ke Biya?

A katin asibiti ba kasafai likita kan rubuta ƙiba a matsayin abin da ya kawo mutum ba. Abin da yake rubutawa shi ne hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon gwiwa, ko shanyewar ɓarin jiki, ko naƙudar da ta gagara sai da fiɗa. Shi ya sa idan ka tambayi magidanci a Birnin Kebbi ko Jega nawa ƙiba ta ci masa bara, zai ce maka ko sisi, alhali duk ƙarshen wata sai ya aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar hawan jininsa da ta sugan uwargida. Kuɗin suna fita, sai dai da wani suna. Kuma daga aljihun gida suke fita, domin a Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya, majinyaci da danginsa ne ke zaro shi kai tsaye.

Wani zai ce ana ta kai wa yake ta kaya. Jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin 100 na yaranta 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, adadin da ya fi na kowace jiha, ina ita ina zancen ƙiba? Babu musu, tamowa ce a sahun gaba, kuma ƙiba ta fi yawa a birane da kudancin ƙasar. Amma binciken nan dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, ramammu kuwa kashi 12 ne. Abu mafi muhimmanci shi ne matsalolin biyu ba baƙin juna ba ne. Ɗan tayin da bai samu isasshen abinci a ciki ba, da yaron da ya sha yunwa a shekarunsa biyu na farko, jikinsu kan ginu da tsimi: ƙodarsu kan zo da ƙarancin matatai, gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ba ta da ƙarfi sosai, jikin kuma ya saba ɓoye duk abin da ya samu. Idan yaron nan ya girma, ya shigo gari, ya samu shinkafa da mai da lemo kullum, kitsen a ciki yake taruwa, suga da hawan jini su kama shi tun bai yi ƙibar a-zo-a-gani ba. An ga haka ƙarara a mutanen da suke cikin mahaifa lokacin yunwar da aka yi a Holan a 1944 zuwa 1945, waɗanda aka bi lafiyarsu har suka manyanta. Ke nan yaran Kebbi da suka tsumbure yau, su ne za su cika layin masu suga nan da shekara 30 idan abincin gari ya ci gaba da tafiya yadda yake tafiya.

A duniya kuwa lamarin ya riga ya yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 na fama da ƙiba, adadin manya masu ita ya ninka tun 1990, na matasa ya ninka sau huɗu. Ƙungiyar da ke bin diddigin ƙiba a duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa asarar za ta haura dala tiriliyan 4 a shekara nan da 2035, kusan kashi 3 cikin 100 na tattalin arzikin duniya. Babban kaso na wannan asara ba kuɗin magani ba ne, aikin da bai yiwu ba ne da mutuwar masu ƙarfi kafin tsufa.

Kafin a yi maganar kuɗi sai an san wa ake nufi, domin ido na ruɗi, balle a ƙasar babbar riga da hijabi. Ma'aunin da asibiti ke amfani da shi, BMI, lissafinsa ba wuya. A auna nauyi da kilo, a auna tsayi da mita, a ninka tsayin da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. Namiji mai kilo 90 da tsayin mita 1.70: 1.70 sau 1.70 ya ba da 2.89, a raba 90 da shi a samu 31. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce. Raunin wannan ma'auni shi ne bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗan dako ko ɗan kokawa na iya kai 27 ba shi da teɓa ko kaɗan, ma'aikacin ofis mai siraran ƙafafu da tumbi kuma ya tsaya a 24 alhali shi ne a cikin haɗari.

Awon ƙugu ya fi faɗin gaskiya, kuma tef ɗin tela ya isa. A tsaya a miƙe, a ɗage riga, a laluba ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin kwankwaso, a zagaya tef a tsakiyarsu, wato wajen cibiya ko sama da ita kaɗan. A saki numfashi, kada a tsuke ciki, kada a matse tef. Namiji daga santimita 94 ya fara shiga haɗari, daga 102 haɗarin ya yi yawa. Mace daga 80, sannan 88. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa inda ake ɗaure wando, ƙarƙashin tumbi, sai a samu lamba mai faranta rai da ba ta da amfani. Inda babu tef, a auna tsayin mutum da igiya daga ƙasa zuwa ka, a ninka ta biyu. Idan ba ta zagaye ƙugunsa ba, kitsen ciki ya yi yawa.

Dalilin da ya sa ake nacewa kan ƙugu shi ne kitsen ciki ba kamar na cinya ko na ɗuwawu ba ne. Yana lulluɓe da hanji, kuma jinin da ya ratsa shi hanta yake wucewa kai tsaye. Hanta ta cika da maiƙo, ta daina jin umarnin insulin, ta ci gaba da zuba suga a jini ko ba a buƙata. Jiki ya ƙara yawan insulin don ya rinjaye ta, yawan insulin kuma ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Ana iya shekara 10 a haka mutum na harkokinsa, ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da gaɓar da ke samar da insulin ta gaza ne za a ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama, a lokacin kuwa jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa sun daɗe suna lalacewa. Fiye da rabin masu ciwon suga a Afirka ba su san suna da shi ba. Gwajin ba tsada: idan an kwana ba a ci komai ba na sa'a 8, suga ya kai 7.0 a ƙaramin ma'auni (mmol/L) ko 126 a babban (mg/dL), kuma aka maimaita aka samu haka, ciwon suga ne. Hawan jini kuma daga 140 bisa 90, a ranaku daban-daban.

Kuɗin da gida ke biya hawa-hawa ne, kuma kowane hawa ya ninka na ƙasansa. Na farko shi ne na wata-wata: ƙwaya ɗaya ko biyu ta hawan jini, metformin ta suga, tsinken gwajin suga, kuɗin mota zuwa ganin likita. Ba shi da yawa a ido, amma ba shi da ranar ƙarewa, kuma tun bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023 farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A nan ne akasarin mutane ke faɗuwa. Sai a sha magani mako biyu, kai ya daina ciwo, a ajiye sauran sai an sake jin jiri. Hawan jini ba ya aiki da yadda mutum ke ji, kuma shan magani yau a bari gobe shi ne hanyar da ta fi kai mutane ga hawa na biyu, wato gazawar ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ya kai ga allurar insulin yana da ƙarin matsala ta yanayinmu: kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firji, wadda aka buɗe ba ta wuce kusan mako 4, zafi sama da digiri 30 kuma na rage mata ƙarfi. A Afrilu Birnin Kebbi na haura 40. Inda ba wuta, a sa kwalbar a leda mai rufi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kada a bari ta taɓa ƙanƙara.

Akwai wata sarƙa da ba a cika lura da ita ba, wadda gwiwa ke farawa. Duk kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa na ɗaukar kusan kilo 4 a kowane taku. Guringuntsi ya cinye, mutum ya koma salla a kujera, ya daina zuwa ko'ina da ƙafa, nauyi ya ƙaru. Sai ya fara sayen diclofenac ko ibuprofen a kemis, ko haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa masu ciwon jiki a leda. Waɗannan magunguna suna ɗaga hawan jini, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, suna kuma ƙwaƙule ciki. Mai suga da hawan jini da ya shekara yana shansu kullum, da hannunsa yake tura ƙodarsa ga gazawa.

Idan ƙoda ta gaza, lissafin ya fi ƙarfin kowane albashi. Wankin ƙoda ana yinsa sau 2 ko 3 a mako, kusan sa'a 4 kowane zama. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a wannan rangwamen, zama 2 a mako ya kama naira 1,248,000 a shekara, ban da ƙarin jini da allurai da gwaje-gwaje da mota. Mafi ƙarancin albashin da Kebbi ta amince da shi a 2024, naira 75,000 a wata, ya kama 900,000 a shekara. A tsohon farashin wankin kuwa miliyan 5 ne da ɗoriya a shekara. Mutumin Zuru ko Yawuri ko Kamba sai ya yi tafiyar sa'o'i zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, da mai rakiya, sau biyu a mako. Abin da aka saba gani shi ne a sayar da shanu, a jinginar da fadama, a yi wata uku ana wanki, kuɗi su ƙare, a dawo gida.

Shanyewar ɓarin jiki ba ta cin kuɗi a asibiti kamar yadda take cin mutane a gida. Wanda ya faɗi yana buƙatar mai juya shi duk sa'a 2 don kada bayansa ya yi gyambo, mai kai shi bayi, mai ba shi abinci. Kusan kullum mace ce: matarsa ta bar sana'arta, ko 'yarsa ta bar makaranta. Kuma a duba wa ƙiba ta fi kamawa a garuruwanmu. Ɗan shekara 40 zuwa 60 ne, malamin makaranta ko ma'aikaci ko dillalin shinkafa ko mai shago a kasuwar Jega, wanda ya ɗan samu, kuma gida uku ko huɗu ke ci a ƙarƙashinsa. Idan ya kwanta a lokacin dashen shinkafar rani, ba kuɗin magani kaɗai aka rasa ba, an rasa noman shekarar, da kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninsa, da abincin tsohuwarsa a ƙauye. Wannan asarar ba ta shiga kundin kowace ma'aikata.

Mata suna da nasu kason daban. Ƙiba na hargitsa al'ada, tana hana ƙwai fita, har a yi shekaru ana neman haihuwa ana kashe kuɗi wajen masu magani, ga gorin dangin miji. Idan cikin ya samu, haɗarin sugan ciki da hawan jinin da ke kai ga jijjiga ya ƙaru. Jariri na iya haura kilo 4, kafaɗarsa ta maƙale, a kai ga fiɗa, ɗinkin mai teɓa kuma ya fi saurin ruɓewa. Lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne, amma akwai iyakar abin da ya kamata ya ƙaru: mai nauyi daidai kilo 11.5 zuwa 16, wadda ta ɗan wuce kima 7 zuwa 11.5, mai ƙiba 5 zuwa 9. Ya kamata a yi mata gwajin suga tsakanin mako na 24 da na 28. Sai jego, da kunun kanwa da nama da zama wuri ɗaya, wani cikin ya shigo kafin nauyin wancan ya sauka. Haihuwa 6 da ragowar kilo 3 kowace ta bar mace da kilo 18. A sama da wannan akwai sankarar mama bayan ɗaukewar al'ada da ta mahaifa, waɗanda ke cikin nau'o'in sankara 13 da aka tabbatar ƙiba na ƙara haɗarinsu.

Abin takaici, wasu da kuɗinsu suke sayen ƙibar. Cikar jiki a wajenmu shaidar hutu ce, amaryar da ta rame kuwa a ce miji ba ya ciyar da ita, sai 'yan mata da masu gyaran jiki suka rungumi sha-ka-fashe. Yawanci dexamethasone ne da cyproheptadine. Na biyun yana buɗe ciki ya sa barci. Na farkon shi ne mugun: yana tara ruwa da kitse a fuska da wuya da ciki, yana cinye tsokar hannu da ƙafa, fata ta yi nankarwa, ƙashi ya yi rauni, suga da jini su hau, garkuwar jiki ta faɗi. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke shi dare ɗaya, domin jikinta ya daina samar da nasa sinadarin, jininta na iya faɗuwa har ta suma. Likita ne zai riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan.

Sauran kuwa canjin rayuwa ne ya kawo su nan ba tare da sun shirya ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, manyan injinan casa suka kankama a can da Argungu, farar shinkafa ta zama abincin rana da dare a gidajen da a da gero da dawa ke ci da su. Wannan ci gaba ne, ba mai ƙin sa. Sai dai shinkafar da aka goge tas ta rasa dusarta, idan kuma aka dafa ta luguf aka tuƙa tuwo, nan da nan take narkewa ta koma suga, yunwa ta dawo da wuri. Surfe da daka da jan ruwa a rijiya sun koma hannun inji da 'yan garuwa, tafiyar ƙafa ta koma ta kabu-kabu da keke napep. Aikin ya ragu, malmalar ba ta ragu ba.

Rage ƙibar da ke da amfani ba sai mutum ya koma jikin samartaka ba. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi ya isa a ga canji, wato kilo 4.5 zuwa 9 ga mai kilo 90, cikin wata 6. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna masu gab da kamuwa da suga da suka nemi rage kashi 7 na nauyinsu, suka yi tafiyar minti 150 a mako, haɗarinsu ya ragu da kashi 58, fiye da kashi 31 da ƙwayar metformin ta bayar. A Birtaniya a 2017, kusan rabin masu sugan da bai daɗe ba da aka sa a tsarin rage nauyi bayan shekara guda an same su suga na daidai ba magani. Duk kilo ɗaya da ya sauka kuma yana rage lambar saman hawan jini da kusan 1.

Lissafin abincin shi ne a rage kusan kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), a samu saukar rabin kilo a mako, kuma wuri mafi sauƙi shi ne abin sha da mai. Gorar lemo ta santilita 50 na ɗauke da kusan giram 50 na sukari, cokalin shayi 12, wanda shi ne iyakar yini guda a shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kalorinta ya kai 200, tafiyar minti 30 da sauri kuwa ba ta ƙona fiye da kusan 150. Zoɓo da kunun aya da aka zabga wa sukari duk ɗaya ne da lemon, haka zuma da mazarƙwaila, haka shayin mai shayi da madarar gwangwani. Fura da nono ba laifinta, sukarin da ake ambaya mata ne. Man gyaɗa ko manja cokalin miya ɗaya kalori 120 ne, don haka a daina tsiyaya shi daga jarka, a auna da cokali. A kwano, rabi ya zama ganye, zogale ko rama ko yakuwa ko kuɓewa, kwata wake ko kifi, wanda Allah ya hore mana a Yawuri da Argungu, kwata tuwo. Shinkafar da aka turara, a dafa ta warwara da wake, ta fi tuwonta riƙe ciki. Inda ake ci a faranti ɗaya, mai son ragewa ya ware nasa tun kafin a sa hannu. Matar da ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida minti 10 bayan kowane cin abinci, ta haɗa 30 a yini. Namiji ya bar mashin ya taka zuwa masallaci, da asuba ko bayan isha'i a watannin zafi.

Abin da ke ɓata ƙoƙarin sananne ne. Shayin rage ƙiba yawancinsa maganin gudawa ne ko na fitsari, ruwa yake zubarwa, kitsen na nan. Ƙin karin kumallo sannan a cika ciki da dare ba ya rage komai. Azumi ma da yawa sukan fito da ƙarin nauyi, saboda ƙosai da soyayyen dankali da zoɓo mai sanyi a buɗa-baki. Allurar semaglutide da ake yayi, irin su Ozempic da Wegovy, tana aiki, takan sauke kusan kashi 15 na nauyi, amma tsadarta ba ta talaka ba ce, jabunta na yawo, kuma wanda ya daina, kashi biyu cikin uku na abin da ya sauka kan dawo cikin shekara.

Ta ɓangaren hukuma, harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo ya kama naira 5 a gora, abin da ba zai sa kowa ya fasa saye ba. Shawarar masana ita ce harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga, Kebbi kuma tana da tata hukumar inshorar lafiya, KECHEMA, kuma ga mai hawan jini ko suga babu abin da ya fi shiga irin wannan tsari riba, tunda maganinsa ba ya yankewa. Amma inda jiha za ta fi tsira da kuɗinta shi ne ƙaramin asibitin unguwa: sikeli, tef, na'urar gwajin suga da tsinkenta, tsinken gwajin fitsari da ke nuna ƙoda ta fara yoyo, da dokar cewa duk wanda ya haura shekara 35 a auna shi ko da zazzaɓi ya zo. Na'urar awon jini kuma ta zo da ɗamara iri biyu. Damtsen da kaurinsa ya wuce kusan santimita 32 babbar ɗamara yake buƙata. Idan aka matsa masa ƙarama, lambar takan fito sama da gaskiya, a ɗora wa mutum maganin da bai kai ga sha ba, ko a ƙara wa mai sha wata ƙwayar, ya riƙa jin jiri duk sanda ya miƙe har ya yanke shawarar watsar da su duka.